KANTAR KICIN: TAYIL, GIRANIT, MABUL KO FOMEKA?

 

Yau za mu ɗan ajiye zuma da habbatus sauda, mu shiga kicin. Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya. Maigidanta zai gyara musu gida, an zo kan kantar da ake aikin girki a kai, sai baki ya rabu. Magini ya ce a zuba siminti a sa tayil. Kafinta ya ce a bar masa aikin ya yi na fomeka, kwana uku ya gama. Ƙawarta kuma ta ce in ba mabul ba kada ta yarda. Shi ne ta ce, "Malam, ta ɓangaren lafiya wanne ya fi?"

Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Yawanci sai yaro ya kwana yana gudawa ake tuna mu. Da wuya a neme mu tun ana auna bango.

To bari mu fara da abin da kantar nan take gani a yini guda. Da safe an yanka burodi a kanta. Da hantsi an kwance ledar kaza ɗanya, ruwanta ya ɗiga. An jajjaga attaruhu da albasa, manja ya zuba, an jiƙa tsamiya, an matse lemon tsami. An sauke tukunya daga wuta an dire. Da yamma a daidai wurin da kazar nan ta zauna aka yanka latas da kokwamba, abin da ba zai ga wuta ba kafin ya shiga ciki. Da dare kowa ya kwanta, kyankyaso da ɓera suka karɓi aiki. In Babbar Sallah ta zo kuwa, rago guda ne zai bi ta kanta gunduwa-gunduwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2015 cewa duk shekara mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna rasuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Cikin manyan hanyoyin da cutar ke bi har da wannan da na faɗa: ruwan ɗanyen nama ya taɓa abin da za a ci ba dahuwa. Ɗanyar kaza takan ɗauko ƙwayoyin cuta irin su salmonela da kamfilobakta. Wuta tana kashe su, amma wanda ya tsaya a kan kanta bai shiga tukunya ba.

Saboda haka duk abin da za a nuna muku a kasuwa, tambaya biyu za ku riƙe. Yana shan ruwa? Yana da tsaga ko haɗi inda datti zai maƙale? Launi da sheƙi su biyo baya.

A nan akwai wata 'yar gaɓa da ake cakuɗawa. Malamanmu na fiƙihu sun bambance jinin da ya kwarara lokacin yanka, wanda najasa ne, da ɗan abin da ya saura cikin nama da jijiyoyi bayan yanka ya inganta. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma daidai ne a muhallinsa. Amma naman da ya halatta, wanda ruwansa ba zai ɓata maka salla ba, yana iya ɗauke da abin da zai kwantar da jariri. A riƙe hukuncin, a kuma wanke kanta da sabulu.

*Fomeka da katakon MDF*

Zan fara da shi domin shi na gani da idona. Wani ɗan uwana ya yi sabon kicin na katako, ranar da aka gama har hoto aka yi ta turawa dangi. Ba a yi damina biyu ba gefen wurin wanke-wanke ya kumbura, fomekar ta ɗaga baki. Uwargidan ta ce kullum tana fesa maganin ƙwari amma kyankyasai kamar ana ƙara su. Ranar da kafinta ya ɓalle allon, abin da ya fito ba ya faɗuwa a wurin cin abinci. Cikin ya yi baƙi da funfuna, ya zama kamar dusar da aka jiƙa.

Ita fomekar kanta ba ta shan ruwa. Matsalar tana ƙarƙashinta. MDF da makamantansa garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse. Da zarar ruwa ya sami ƙofa, ta bakin sinki ko ta haɗi, ya kumbura ke nan, kuma ba ya komawa. Ga shi tukunya mai zafi tana ƙona fomeka, wuƙa tana yanka ta. Sannan gam ɗin da ake haɗa irin wannan katako yakan fitar da sinadarin fomaldehaid, musamman yana sabo kuma ana zafi. Shi ne warin nan da ke sa ido yaji in ka buɗe sabuwar durowa. Hukumar IARC mai binciken cutar daji ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo daji tun 2004, kodayake babban haɗarin yana kan masu shaƙarsa da yawa a wurin aiki. A gida dai a bar tagogi a buɗe makonnin farko, musamman in akwai mai asma.

Ban ce haramun ba ne. Gidan haya ne, ko aljihu bai kai ba? A yi shi, amma a nemi falawud mai jure ruwa a gefen sinki, a toshe duk baki da silikon, kuma a sani cewa aro aka yi.

*Siminti da tayil*

Wannan shi ne na yawancin gidajenmu, kuma in an yi shi da kyau ba abin rainawa ba ne. Ana ɗaga bulo, a zuba kankare da rodi, a shimfiɗa tayil. Gara ba ta cin sa, ruwa ba ya kumbura shi, ya kuma ɗauki nauyin babbar tukunyar taro.

Laifinsa ɗaya ne, layukan da ke tsakanin tayil. Abin da aka fi cikewa da shi farin siminti ne, shi kuwa yana sha kamar soso. Uwargida, ki je ki duba naki yanzu. Ranar da aka yi shi fari ne tas. In yau ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, to manja ne da ruwan nama da ruwan wanke-wanke na shekaru suka zauna a ciki. Tsumma yana bi ta kan tayil ya wuce, layin yana ƙasa kaɗan, bai taɓa shi ba. In ya fara zubewa kuma ya zama rami, tururuwa da ƙananan kyankyasai sun samu gida.

Gyaran abin ba wuya. A bar ƙananan tayil ɗin nan na bango, ba don kanta aka yi su ba, ƙaramin bugu ke fasa su. A sayi babban tayil na ƙasa irin foselin, mai santimita 60 da 60, ko ma 60 da 120. Faɗin kanta dama kusan santimita 60 ne, ka ga tayil guda ya rufe daga bango zuwa baki, haɗin da zai rage bai wuce biyu ko uku ba. Foselin na gaske ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A juya bayansa a ɗiga ruwa: in ya tsaya ƙwal, shi ne, in ya shanye nan take, tayil ne na yau da kullum aka canza wa kwali. A zaɓi mai santsi, kada a ɗauko mai gurza-gurza na banɗaki. Sannan a tambayi mai tayil ko zai samo abin cike layi na ifoksi, wanda ba ya shan ruwa. Ya fi tsada, ya fi wuyar aiki, wasu masu tayil za su ce maka ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Kuma maigida ka tsaya a kai ranar shimfiɗawa. In an gama ka ƙwanƙwasa kowane tayil da mukulli. Wanda ya yi ƙarar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, shi zai fara fashewa, kuma nan ƙwari za su tare.

Siminti tsirara ba tare da an rufe shi da komai ba, kamar yadda ake yi a madafin tsakar gida, yana shan mai da jini, tsami kuma yana cin sa har ya fara gari. In shi ke gare ku, kada abinci ya taɓa shi kai tsaye. A aza faranti ko tire.

*Giranit*

In da hali, ni nan zuciyata ta fi kwanciya. Dutse ne da Allah Ya halitta, irin wanda ya cika ƙasar nan, ana fasa shi a wurare kamar Mpape a Abuja, ana kuma shigo da gogaggun alluna daga Indiya da Chaina. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja za ka ga kala-kala. Ya fi wuƙar kicin tauri, har ma shi ke dakushe ta. Zafin tukunya bai cika damunsa ba. Lemon tsami da tumatir ba sa cin giranit na gaske. Kuma allo guda yana iya rufe doguwar kanta ba haɗi.

Sai dai ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai masu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, galibi masu hasken launi, waɗanda ke shan mai su yi tabo. Masu duhu sun fi matsewa a mafi yawan lokuta. Mai sha ana shafa masa wani ruwa da ke toshe ƙofofin, a riƙa sabuntawa in an ga ruwa ya fara barin duhu a wurin. Kaurin da aka saba santimita 2 ne ko 3. Mai 2 yana son abin da zai tallafe shi sosai a ƙasa, musamman siririn wurin da ke gaban sinki, nan ne yake karyewa.

Na san wani zai turo mini saƙon nan da ke yawo cewa giranit yana fitar da tururi mai sa ciwon daji. Asalin maganar gaskiya ne: duwatsu irin wannan suna ɗauke da ɗan abin da ke fitar da iskar radon. Amma hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi bayani cewa da wuya kantar giranit ta ƙara radon a gida har ya zama abin damuwa, kuma babban tushensa ƙasar da ke ƙarƙashin gini ce. Kicin ɗin da ke da taga a buɗe, hayaƙin gawayi da na itace sun fi wannan zama abin tsoro nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya: dutse ne amma ba turmi ba ne. Kada a yi daka a kai, kada a sara ƙashin layya da adda a kai. A sauka ƙasa a sa kututture.

*Mabul*

Yana da kyau, ba musu. Muna ma da shi a gida, a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. Amma mabul ɗan uwan dutsen farar ƙasa ne, duk wani abu mai tsami yana narkar da fuskarsa. Yanzu ku lissafa girkinmu: tsamiya, zoɓo, yakuwa, lemon tsami, tumatir, khal, nono. Kofin zoɓo ɗaya in ya kwana a kai, da safe za a ga zobe wanda ba sabulun da zai fitar, domin dutsen ne ya ciwu. Yana da laushi, wuƙa tana zana shi. Yana shan manja da kurkur. Wurin da ya ciwu ya yi kaushi, kaushin kuma ya riƙe datti. A falo ko a bango, madalla. A kicin ɗin da ake kunun tsamiya duk azumi, kuɗi ne za a zubar. Da ƙawar mai tambayarmu za ta ji shawara, da na ce ta bar wa teburin cin abinci.

A kula kuma, a kasuwa kusan duk dutse mai sheƙi "mabul" ake ce masa. Ka tabbatar wanne ake sayar maka.

*Kwaz, da haƙƙin mai yanka shi*

Akwai wani sabon yayi, dutsen haɗi da ake kira kwaz. Niƙaƙƙen dutse ne ake cuɗawa da wani irin gam na roba da launi a matse a masana'anta. Ta fuskar tsafta ba shi da laifi, kusan ba ya shan komai. Rauninsa zafi: gam ɗin yana ƙonewa, tukunya daga kan wuta tana iya barin tabon da ba ya fita, kuma rana tana sauya masa launi, don haka bai dace da kicin ɗin waje ba.

Amma abin da ya sa na tsaya a kansa daban ne. Irin wannan allo yakan ƙunshi sinadarin silika fiye da kashi 90 cikin ɗari. Giranit yawanci bai kai rabi ba, mabul kuwa ɗan kaɗan ne. In an sa injin yanka a bushe, ƙurar da ke tashi ta fi gari laushi, tana wucewa can ƙasan huhu ta zauna. Huhu ya yi ta tabo har ya ƙandare. Sunan cutar silikosis. Ba ta da maganin warkewa, ba a asibiti ba, ba a wajenmu ba, kuma duk wanda ya ce maka yana da haɗin da ke wanke ƙurar dutse daga huhu, ka riƙe kuɗinka. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. A Ostireliya an yi ta samun matasa masu wannan sana'a da huhunsu ya lalace cikin 'yan shekaru, har ƙasar ta haramta dutsen haɗin gaba ɗaya daga 1 ga Yuli, 2024.

Allon da aka riga aka girka a kicin ba ya cutar da mai girki. Wanda ke cikin haɗari shi ne yaron nan da za a turo da injin yanka, ya tsuguna a tsakar gidanka, ya fito fari fat kamar an tsoma shi a buhun fulawa, an ba shi kuɗin abinci ya tafi. Shekara goma nan gaba in numfashi ya gagare shi ba wanda zai tuna a gidan wa ya shaƙa. Mu da muka yi imani za a tambaye mu kan wanda ya yi mana aiki, bai kamata mu kau da kai ba. Ka ce a yanko a shago, a huda wurin sinki a can. In dole sai an gyara a gida, a yi a waje, ana zuba ruwa a bakin injin, shi kuma ya sa takunkumin ƙura na gaske mai kama fuska, aƙalla irin N95. Ƙyalle ko takunkumin asibiti na shuɗi ba sa tare wannan ƙura. In ba shi da shi, saya masa, bai kai kuɗin tayil ɗaya ba. A kwashe yara daga wurin. In an gama a goge da ruwa, kada a sa tsintsiya a tayar. Wannan ƙa'ida har da giranit da tayil.

*Ƙarfen da ba ya tsatsa*

Shi ake sawa a kicin ɗin otal da asibiti, kuma da dalili: ba ƙofa, ba haɗi, zafi ba ya masa komai. Ba shi da kwalliya, yana ƙara, yana zanuwa. Mai sana'ar abinci ko gidan da ake girkin mutane da yawa, ya duba shi. A nemi lamba 304. Akwai 201 mai araha wanda gishiri da danshi ke sa wa ɗigon tsatsa. Gwajin maganaɗisu da ake yi ba ya raba waɗannan biyun, duka ba sa kama shi sosai, sai dai ka sayi a wurin wanda ka amince da shi.

Kafin magini ya ɗaga bulo, a kira wadda za ta yi girkin ta tsaya a wurin. Tsayin da aka saba santimita 90 ne, wato ƙafa 3, amma mutane ba tsayinsu ɗaya ba. Ta lanƙwasa hannu, a auna daga gwiwar hannunta a sauko santimita 10 zuwa 15, nan ne daidai. Ciwon baya da yawa da ake kawo mana ana neman man shafawa, kanta ce ta yi ƙasa, shekara da shekaru ana sunkuye. Maigida, kai ba ka cika tsayuwa a wurin ba, kada ka auna da kanka.

A duba ƙarƙashi ma. Inda bututun ruwa ya huda bango a toshe da siminti, kada a bar ko ƙofar da yatsa zai shiga. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani. Umarnin da Manzon Allah (SAW) ya yi na rufe ƙorai da dare yana nan daram, mu dai mu ƙara da hana ɓeran wurin zama. Tukunyar gas kuma kada a kulle ta cikin durowar da ba iska. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake taruwa. In da hali ta zauna a waje.

Wajen wanki, ruwa da sabulu su ne gaba. Bayan aikin nama a bi da ruwan bilic da aka sirka yadda aka rubuta a jikin kwalba, a bar shi 'yan mintuna, a ɗauraye sosai, domin in ya zauna yana cin ƙarfe. Don Allah kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko da khal, wai don ya fi ƙarfi. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu, a ƙaramin kicin tana iya kayar da mutum. Kuma komai tsadar kanta, allon yanka biyu ake so: na nama daban, na ganye da burodi daban.

Ranar zuwa kasuwa, ka tafi da lemon tsami guda da ɗan manja a ƙaramar roba. Ka roƙi mai shago gutsuren abin da kake son saya, ba sa rasa ragowar yanka. Ka ɗiga ruwa a gefe, lemon a tsakiya, manja a ɗaya gefen, ka bar su minti 15 kuna ciniki, sannan ka goge. In wurin ruwa ya yi duhu, dutsen yana sha. In wurin lemon ya dushe ko ya yi kaushi, mabul ne ko danginsa, ko da me aka kira shi. Gutsuren ka sa a aljihu ka kai wa uwargida, ta sake ɗiga masa manja da zoɓo ya kwana, da safe ku duba tare kafin ka tura kuɗi.